Tulu Ɗaya na Bubu Jobeda

Juma'a, 4 ga Maris, 2016

Na zura gorar awo cikin tanki bayan an sauko daga masallaci. Ruwa ya gaza inda ya kamata ya tsaya da yatsu huɗu. Ni na tsaga alamomin nan da wuƙa tun Oktoba da sama ta ɗauke, na san abin da na tsara: mu uku, tulu biyu a rana, sha da girki kaɗai. Wanka da wanki a kududdufi, kowa ya ji da ƙaiƙayin jikinsa. Na zagaya gindin tankin ko yoyo yake, ƙasa a bushe ƙamas.

Na tambayi Anowara. "Zafi ne ke shanye shi, Baban Tuhin." Tankin siminti mai murfi? Shekara talatin da ɗaya muna tare, in za ta yi ƙarya sai ta gyara lulluɓi. Ta gyara.

Litinin, 7 ga Maris

Malamar asibiti ta zo ta duba Moriom, matar Tuhin. Cikin ya shiga wata bakwai, ƙafafu sun kumbura kamar an hura. Ta auna ta, ta ɓata fuska. Ta ce kada yarinyar nan ta kai ruwan rijiya ko na kududdufi bakinta, ko da kurɓi ɗaya, zartsin da ke ciki shi ke tayar wa masu ciki jini. Ruwan sama kaɗai.

Tuhin ya bugo daga Dhaka. "Abba, amanarta na hannunka." Na ce na ji. Damina kuwa sai Yuni, in ma ta zo a kan lokaci.

Laraba, 9 ga Maris

Na gano ɓarawon.

Na dawo daga gonar jatan lande da hantsi saboda na manta maganin gwiwata. Ina shigowa ta bayan gida na ga Anowara durƙushe a jikin shinge, tana tura tulu ta wata kafa da aka buɗe a ƙasa. Daga can wani hannu ya karɓa. Siriri, duk jijiya. Ban ga fuska ba, ba na kuma bukata. Hannun Bubu Jobeda ne, yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda rabon da ta ce mini ko sannu shekara sha tara.

"Tun yaushe?"

"Tun da randunanta suka ƙafe. Tulu ɗaya ne tak a rana."

"Tulu ɗaya sau kwana casa'in nawa ke nan? Da me zan shayar da jikanki?"

"Jininka ce fa, ba tawa ba."

Na ɗaga murya don a ji a ƙetaren shinge. Na ce wadda ta kira ni ɓarawon ruwa a gaban dattawa, yau ruwan wa take sha a ɓoye? Sai ga tulun an turo shi ta kafar, a cike, ko ɗigo bai ragu ba.

Alhamis, 10 ga Maris

Na sayo kwaɗo. Na kira Nitai magini, shi ya gina mini tankin bayan guguwar Aila, na ce ya ƙera akwatin kwano ya rufe bakin famfon. Yana aiki yana taunar ganyen pan kamar goro, baki jawur.

"Mokbul-bhai, na sa wa shago kwaɗo, na sa wa akurkin agwagi. Yau ga ni ina ɗaure ruwan sama. Gobe sai ka kira ni mu sa wa gajimare."

Na ce ya yi abin da ya kawo shi. Makulli na ɗaure a ƙugun lungina, zanen da nake ɗaurawa.

Asabar, 12 ga Maris

Anowara ta ajiye mini shinkafa da miyar wake ta juya. Kwana uku ke nan tana gaba da ni.

Juma'a, 18 ga Maris

Bari in rubuta yadda abin yake, tunda kowa a Kalmikhali ya maida ni mugu.

Ba ni na fara shigo da ruwan gishiri ƙasar nan ba. Lokacin da na huda jingar kogi na sa bututu, gonakin gabas da na kudu duk sun riga sun koma tafkunan jatan lande. Shinkafar Abba, mahaifinmu, sau ɗaya ake nomanta a shekara, ba ta kai mu ko'ina. Da jatan lande na yi rufin kwano, na sa Tuhin makaranta, na kai Anowara aikin ido. Kason Bubu na cikin gonar, gaskiya ne, ban kuma tambaye ta ba. Na ce mace ce, mijinta Sobhan ba ya rabo da jinya, me za ta ce?

Abin da ban zata ba shi ne kududdufin Abba. Shi ya haƙa shi da hannunsa, unguwa guda ke sha. Cikin shekara biyu ya yi zartsi, bishiyoyin kwakwa na bakinsa suka bushe daga sama. Ranar da aka zauna sulhu, Bubu ta ɗebo ruwan a ƙoƙo ta miƙo mini gaban mutane. "Sha, Mokbul. Sha gadon ubanka." Ban sha ba. Ta watsa mini a ƙafa.

Kuma ai Aila ta zo daga baya ta cika kowane kududdufi da ruwan teku. Ko ban huda jinga ba, da haka za a ƙare. Wannan nake gaya wa kaina.

Lahadi, 27 ga Maris

Ina rumfar mai shayi ta wuce a kan jinga, tulu a kwankwaso, cikin layin mata. Tafkin makaranta suke zuwa, can hayin kasuwa, shi kaɗai ya rage da daɗi. Mil uku zuwa, uku dawowa. Ita ce ta ƙarshe a layin, tazarar ma da yawa. Shekararta sittin da shida.

Wani ya kira ni da sunan gidanmu ya ce, "Tarafdar, waccan ba yayarka ba ce? An ce tankinka ya fi banki tsaro." Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi.

Shayin gishiri-gishiri. Duk garin haka yake yanzu.

Talata, 29 ga Maris

Anowara ta ce ba kullum Bubu ke iya zuwa tafkin ba. Ranar da ƙafa ta ƙi, na kududdufi take ɗiba ta jefa alam ta sha. Na ce ƙungiyar da ta raba tankunan roba bara fa? Ta ce masu rufin kwano suka ba. Jinkar ganyen golpata ruwanta ja yake zubowa kamar shayi, ba ya ajiyuwa.

"Ka san haka sarai, kai ma kana wurin rabon."

Ina wurin.

Lahadi, 3 ga Afrilu

Hadari ya haɗu daga arewa maso yamma bayan la'asar, baƙi ƙirin, iska ta tashi. Gari ya rikice, mata na fito da tukwane, da bokitai, har da faranti. Ta saman shinge na hango Bubu tana ɗaure leda a sanduna huɗu, ta sa dutse a tsakiya, ta jawo randa ƙarƙashi. Iska ta fizge gefe ɗaya, ta ɗaure, ta fizge wancan. Sau uku. Ƙafata har ta motsa zan je in kama mata, na fasa.

Yayyafi ya yi kamar na minti biyar, hadarin ya wuce teku. Ko ƙura bai kwantar ba.

Alhamis, 14 ga Afrilu

Sabuwar shekararmu ta gargajiya. Zafin bana ban taɓa ganin irinsa ba, ƙasar tsakar gida ta yi fari da gishiri, jatan lande na mutuwa a gefen tafki.

Moriom ta kawo mini shinkafar jiƙo da soyayyen kifi da barkono. Ba ta cika magana a gabana ba, amma yau ta tsaya.

"Abba, ni zan iya rage sha. A ba Gwaggo rabin nawa."

Na ce ba naki ba ne, na abin da ke cikinki ne. Ta sunkuyar da kai ta fita.

Na auna tanki. Yana daidai kan alama, har da ɗan rara. Na yi tunanin in buɗe. Sai na tuna tulun da aka turo mini a cike. In na aika ta maido, a gaban surukata? Bari dai a ga ƙarshen wata.

Laraba, 20 ga Afrilu

Bubu ta faɗi a kan jinga.

Alhamis, 21 ga Afrilu

Jiya ban iya rubutu ba. Wajen azahar ne, a hanyar dawowa. Matan da ke gabanta sun yi nisa, ba su waiwaya ba sai da suka ji tulu ya fashe. Nitai ne ya ɗauko ta a keken kayansa, ya biyo ta gona yana ƙwala mini kira. Da na ga bakinta a karkace, ido ɗaya a buɗe yana kallona, ban san sa'ad da na hau keken na ɗora kanta a cinyata ba. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Zaninta jiƙe da ruwan da ta ɗebo.

Asibitin gunduma. Shanyewar ɓarin jiki, na dama. Magana ta ɗauke.

Na tare likitan a baranda, yaro ne ƙarami, sa'an Tuhin. Na ce ruwa ne? Ya ce hawan jininta ya daɗe, ba na jiya ba ne. Har na fara jin sanyi. Sai ya ce, "Amma mai irin jinin nan, ga gishiri, ga tafiya a rana tsaka... Ba ta da kowa ne, Kawu?"

Na ce ni ƙaninta ne.

Juma'a, 22 ga Afrilu

Na kwance makulli na ba Anowara. Ta karɓa, ta jefa shi kududdufi, ta ɗauko taɓarya ta ɓalle akwatin.

Talata, 26 ga Afrilu

Anowara ke kwana da ita a asibiti, ni ina kai abinci da jarkar ruwa. Daga hannun Anowara tana sha. In ni na miƙa cokali sai ta datse haƙora ta juya fuska bango.

Na zauna a benci na tuna shekarar da Amma, mahaifiyarmu, ta rasu. Ina da shekara huɗu, Bubu sha biyu. Ita ta bar makaranta. Da ambaliya ta zo ita ta goya ni ta hau da ni rufin masallaci, kwana biyu tana tara ruwan sama a tafin hannu tana ɗura mini. An sha ba ni labarin, ni kaina ina tuna ɗumin bayanta kawai. Shekara sha tara ban bar wannan ya zo mini a rai ba, sai yanzu da ba shi da amfani.

Litinin, 2 ga Mayu

An sallame ta. Na gyara ɗakin Tuhin na gaba, na sa a wuce da ita gidana. Da aka zo daidai ƙofarta ta kama ginshiƙin da hannun hagu. Nitai ya ja keken, ta ƙi saki, har jinka na girgiza.

Nitai ya ce, "Mokbul-bhai, bakin ne ya mutu, ba taurin kan ba. Ku jini ɗaya ne ai."

Aka shigar da ita ɗakinta. Na sa aka cire shingen gaba ɗaya don Anowara ta riƙa zirga-zirga. Ban shiga ba. Daga ƙofa na ga gadon gora, tabarmar salla, randuna biyu, babu komai a ciki sai gizo-gizo.

Laraba, 11 ga Mayu

Moriom ta sauka lafiya. Mace. Jini bai tashi ba, malamar asibiti ta ce ruwan saman nan ya taimaka ƙwarai, ta yaba mini. Na riƙe maganar nan yini guda kamar mai riƙe da shaida. Na faɗa wa Anowara.

"Wa ya ce kada ka shayar da Moriom?" in ji ta. Ta ci gaba da wanke tsummoki.

Lahadi, 15 ga Mayu

An kai wa Bubu jaririyar, an kwantar mata a hannun hagu. Moriom ta ce ta yi ta shinshina kanta tana hawaye ta ido ɗaya. Ina waje ina gyaran raga da ba ta yage ba.

Alhamis, 19 ga Mayu

Rediyo ta ce guguwa na tasowa a teku, za a samu ruwa mai yawa ko da ba ta bi ta kanmu ba. Nitai ya zo ya ce a kwashe tsohon ruwa a wanke tanki da indararo kafin sabo ya sauka, haka ake yi duk shekara. Muka fara ɗiba. Na cika randunan Bubu, na cika namu, na kira matan unguwa kowa ta kawo tulunta.

Ban yi niyyar ƙirgawa ba, bakina ne ya yi ta yi da kansa. Tulu sittin da uku.

Daga ranar da na sa kwaɗo zuwa ranar da ta faɗi kwana arba'in da ɗaya ne.

Na ƙarshen, mai laka-laka, Nitai ya buɗe ƙasan tanki ya sake shi a tsakar gida. Na tsaya ina kallo ƙasa na shanyewa. Ya buɗe baki zai yi tsokanar da ya saba, ya dube ni, ya tofar da pan ɗinsa ya shiga tankin da tsintsiya.

Asabar, 21 ga Mayu

Guguwar ta bi ta gabas, mu ruwa muka samu. Tun safe ake yi. Tanki ya kai rabi. Ɗakin Bubu na yoyo ta wuri biyar, Anowara ta jera kwanuka har kan gado.

Talata, 24 ga Mayu

Na ce wa Nitai ya auna ɗakin, a cire jinka a sa kwano, da indararo ta gaba da baya, da tankin roba a gefe.

"Ka tambaye ta?"

Na kau da kai ina duban jinkar.

"Wancan karon ma ba ka tambaye ta ba."

Na tura Anowara. Ta dawo ta ce ta yi mata bayani sau biyu, Bubu ta rufe ido kawai. Ba ta girgiza kai ba dai. Na ce wa masu shayi saboda gobara ne, jinka kusa da gidana haɗari ce.

Alhamis, 2 ga Yuni

An gama. Kwana huɗu Bubu na kwance a barandarmu ana aikin, fuskarta na kallon nata ɗakin, ko sau ɗaya ba ta juyo cikin gidana ba. Nitai ya nuna wa Anowara bututun zubar da ruwan farko: a bar na minti goma ya wanke kashin tsuntsu da ƙura, sannan a juya zuwa tanki. Ta ce ta sani, ita ke yi a namu shekara shida, maigidan awo kawai ya iya.

Kwano sabo na walƙiya har ido ba ya iya kallo. Da ma na yi wannan tun shekarar da Sobhan ya rasu. Ko bara. Ko a watan Maris ma. Kwana huɗu ne kacal.

Talata, 7 ga Yuni

An ɗauki azumi. Ƙishirwa tun hantsi. Ban taɓa lura da tsawon hanyar jinga ba sai yau da na bi ta zuwa kasuwa da ƙafa, ba tulu, ba komai.

Litinin, 13 ga Yuni

Damina ta sauka sosai. Bayan azahar aka tsuge kamar da bakin ƙwarya. Anowara na wajen jaririya, ta ce in je in juya bututun Bubu. Na je, na jira minti goma, na juya, na ji ruwa na faɗawa cikin tankin, ƙarar roba fanko. Sai na leƙa ɗakin don in ga ko akwai yoyo. Aikin Nitai ne, dole a duba.

Babu yoyo. Amma ƙarar ruwa a kan kwanon, kamar ana zuba tsakuwa. Ita da ta shekara sittin da shida a ƙarƙashin jinka. Tana kwance ta toshe kunnen hagu da hannu, na dama ba hannun da zai toshe. Ta dube ni, bakin ya yi ta motsi. Na matsa, na sunkuya.

"Ƙa... ra." Ta huta. Ta sake tattaro ƙarfi. "Sa... karai."

Na ce, "Na'am, Bubu."

Na ce gobe Nitai zai shimfiɗa tabarmar gora a ƙarƙashin kwanon, ƙarar za ta ragu. Ta rufe ido. Kafin goben, na zauna a bakin gadon na sa tafin hannuna a kan kunnen daman. Ba ta ture ba. Wataƙila ba ta jin taɓi a ɓarin nan, likita ya faɗa.

La'asar ta wuce ni a can. Anowara ta tambaya ina na tsaya, na ce ruwa ne ya tsare ni. Ta dubi ƙofar Bubu, ta dubi tamu, taku ashirin ne tsakani. Ta miƙo mini dabinon buɗa-baki.